Tsagar Haƙorin Kawu Tela

Jama'a a gyara zama. Mai tari ya yi tarinsa tun yanzu, mai goyo ta rarrashi ɗanta, domin babban mutum zan gabatar muku. Ga Kawu Tela, yayan mahaifiyata. Sarkin masu rage tsawon wando. Gwanin ƙara wa riga ciki idan mai ita ya ajiye tumbi yana musun bai ajiye ba. Mutumin da ya taɓa yi wa jaket ɗin wani direba faci har direban ya rasa gefen da ya yage. Shi ne kuma, a iya sanina, ɗan Adam ɗaya tilo da ya taɓa zuwa asibiti ya ce a mayar masa da ciwonsa.

Shagonsa na bakin titi, tsakanin mai wanki da guga da wani shago da ba ya shekara bai canza sana'a ba. In ka shiga za ka ga baƙin keken ɗinki na ƙafa wanda ya girme ni, benci ɗaya, madubin da ke nuna mutum daga wuya zuwa gwiwa kawai, da tarin kayan da masu su suka kawo gyara suka manta. A jikin bango akwai ƙaton almakashin yanka yadi. Wannan ko kallonsa ka cika yi sai Kawu ya yi gyaran murya.

Ni a kan bencin nan nake wuni. Na taɓa makaranta, na taɓa walda, na taɓa gyaran waya, kowanne na ba shi haƙƙinsa na 'yan watanni na sallame shi. Saboda waldar nan Kawu ke kira na Injiniya, kuma yadda yake jan kalmar ko kurma ya san ba yabo ba ne.

To, abin da ya sa na ɗauki biro ba keken ba ne. A haƙorin Kawu na gaba, na sama, ɓangaren dama, akwai wata 'yar tsaga. Ba giɓi ba ce, ba wushirya ba ce. Zare ne ya sassaƙa ta. Tun yana yaron shago, maigidansa almakashi ɗaya gare shi kuma ba ya bai wa yara, don haka Kawu ya koyi datse zare da baki. Wuri ɗaya yake cizo, yau da gobe, har haƙorin ya gaji ya ba shi hanya. Inna, matarsa, ta ce ranar da ta fara ganinsa ta zaci wani abu ne ya maƙale masa, ta yi ta kawar da kai don kada ya ji kunya. Sai da suka yi 'ya ta haƙura cewa abin ba zai fita ba.

Tsagar nan ma'aikaciya ce. In ya kai ƙarshen ɗinki, ƙafa ta tsaya, kai ya sunkuya, ka ji ƙas, kai ya ɗago, ƙafa ta ci gaba. Duk kafin ka ƙifta ido. A cikinta yake ajiye allurar hannu in zai juya riga. Ta cikinta yake yi wa mai shayi fito daga tsallaken titi. In zai yi guga ya guntsi ruwa, ta nan yake feso shi siriri, daidai kan layin wando, ko ɗigo ba ya kaucewa.

Sauran haƙoran kuwa marayu ne. Buroshinsa ya baje kamar an zauna a kai, kuma da shi da wanda yake share ƙurar keke launinsu ɗaya. Zare kawai ya ɗaura wa ɗaya don ya bambanta su, ni kuma har yau ban san wanne ne mai zaren ba. Sakace da allura yake yi. In wani haƙori ya yi masa tsiya ya danna masa kanumfari ya ce ya yi shiru, ana aiki.

Rannan wani haƙorin turmi na can ƙuryar baki ya ƙi yin shiru. Kumatun Kawu ya tashi kamar ya ɓoye lemo. Ya ce ba komai. Da ya ɗinke wa wani mutum ƙafar wando ruf, mutumin ya zura ƙafa ya rasa mafita, sai labari ya kai kunnen 'yarsa. Malamar makaranta ce, kowa Malama yake ce mata har uban. Abokiyar wasata ce, amma wasanta da rula take yin sa.

Ta shigo shago ta ce, “Baba, tashi mu je.”

Ya ce, “Ina da aiki.”

Ta ce, “Na ga aikin. Yana waje yana tsalle da ƙafa ɗaya.”

Na bi su, don a gaskiya ba abin da ya riƙe ni.

Ɗakin likitar haƙori fari ne fat, yana warin magani. Ga wata kujera mai kwantar da mutum ko bai yi niyya ba, ga fitila a saman fuska, ga ƙananan ƙarafa an jera a faranti kamar za a gyara agogo. Likitar mace ce, ba ta girmi Malama ba, tana magana a hankali irin ta wanda ya san ba ka da wurin gudu. Da ta kunna ɗan injinta ya fara kuka, Kawu ya karkata kunne ya ce min, “Wannan keken nata yana son mai.” Wannan ce maganarsa ta ƙarshe ta jarumta. Tana ɗaga allurar kashe zafi, mutumin da ya ƙare rayuwarsa da allura a baki ya runtse ido ya kama hannun kujera.

An ɗauki hoton haƙoran, an ba shi magani kumburin ya sauka, da muka koma aka cire turmin. Aka sake sa mana rana. A wannan zuwan ta kankare dattin da ya yi kanta a gindin haƙora, ta cike wani rami a gefe. Kawu ya kurkure ya tofar, ya taɓa bayan haƙoransa da harshe ya ce an rage masa su. Ta ce ba haƙori ta rage ba, abin da ya tara ne tun kafin a haife ta.

Sannan ta tsaya a kan tsagar. Ta ƙwanƙwasa, ta haska, ta kira Malama ta nuna mata. Ta ce bakin haƙorin ya cinye ya zama siriri, kuma akwai wani layin fashewa da ya kama hanya zuwa sama. In ba a cike ba, wata rana zai rabe. Ta tambayi Kawu ko ya yarda. Kawu idonsa a rufe yake tun shigowarmu, kuma duk abin da aka ce kai yake gyaɗawa. Da ta ce ya ba ta shagon da keken, da ya gyaɗa. Ta shafa wani farin abu, ta haska masa shuɗiyar wuta ya daskare, ta goge. Ta ce daga yau kada ya ƙara cizon zare ko wani abu mai tauri da shi.

Haƙori ya fito sumul. Inna ta dube shi ta ce ashe haka aka so ta aura. Mai guga ya ce saura a yi masa aski a sa shi a kalanda.

Washegari ya zauna a keke. Ƙafa ta tsaya, kai ya sunkuya da kansa, don kai bai ji abin da likita ta ce ba. Zare ya zame. Ya sake, ya zame. Ya bi shi gefe da gefe kamar akuya ta samu leda, har bakin rigar ya jiƙe sharkaf. Ya sa allura a baki ta faɗo cinyarsa. Ya yi wa mai shayi fito, iska kawai ta fita. Ya guntsi ruwa zai fesa wa wando, ya wanke mai guga da ya leƙo gaisuwa.

Malama ta kawo masa ɗan ƙaramin almakashi. Duk sanda ya neme shi yana ƙarƙashin yadi, ko a ƙasa, ko a aljihuna, don na gano yana gyara farce. Ya ɗauko ƙaton na bango ya kai wa zare, ya haɗa da rigar mutane. Ban taɓa ganin Kawu ya ɓata yadi ba sai ranar. Ya daɗe yana kallon wurin. Ƙafarsa da hannunsa da bakinsa tafiya ɗaya suke yi tun yana yaro. An cire ɗaya, sauran biyun suka rasa inda za su taka.

Ya ɗauko zanen da yake rufe keke in zai tafi gida, ya rufe, alhali rana na tsaka.

Na ce, “Kawu, wuta aka ɗauke? Ai naka na ƙafa ne.”

Ya ce, “Na gama, Injiniya. Wanda yaro zai riƙa nemo wa almakashi ba tela ba ne.”

Na yi dariya ni kaɗai. Ya sa kwaɗo a ƙofa.

Nan fa abin ya daina zama wasa, ko a wurina. Shagon nan shi ke riƙe da gidan, shi ke riƙe da Kawu, kuma benci ɗaya ne a duk garin da ba a kora ta daga kai. Mutane suka fara kai gyara gun wani sabon tela mai keken lantarki a ƙarshen layi. Kawu ya koma zaman gida, ya zame wa Inna aiki. Ya auna labulenta ya ce ɗaya ya fi ɗaya. Ya bi ta kicin yana tambayar dalilin da ya sa take yanka albasa a karkace. Ya zazzage kayan sawarta yana duba bakin ɗinki, yana tsaki a kan aikin da shi ya yi da hannunsa.

Inna ta aika a kira ni. Ta ce, “Kai da ba ka da aikin yi, ga aiki. Ka mayar min da kawunka shago, ko ni in kwashe kayana in koma can in zauna.”

Na yi tunani irin na injiniyoyi. Na samo ɗan siririn zarto a wurin tsohon maigidana na walda, na kai wa Kawu a zaure, na ce abin da zare ya yi a shekaru, wannan kafin shayi ya huce ya gama. Da wasa na faɗa. Sai na ga ya karɓa yana juya shi, yana taɓa haƙorin da harshe, ya ce in ɗauko madubin Inna. Na fara neman dabarar ƙwace zarton. Allah ya taimake ni Malama ta shigo.

Ta dubi zarton, ta dube ni. Ta ce, “Kai, ɗan Goggo, wato da aka kore ka daga walda a bakin ubana za ka ƙarasa koyo?”

Na ce, “Ba kora ta aka yi ba, hutu na ɗauka.”

Ta ce, “Za ka ɗauki na asibiti yanzu.”

Sai da na zagaya zauren na tsallake buta kafin na tsira. Amma da ta juyo kan uban, muryarta ta sauka. Ta ce ita dai ba ta son ta ga haƙorinsa a tafin hannunsa. Ya ce ita ta kai shi aka toshe masa abinci. Idonta ya kawo ruwa, ni kuma na yi kamar ina duba igiyar takalmi duk da silifa ne a ƙafata.

Da safe Kawu ya sa rigarsa ta zuwa unguwa ya ce in raka shi. Bai gaya wa kowa ba. Muka zauna a layi cikin masu riƙe da kumatu, shi kaɗai ne mai lafiya kuma ya fi kowa ɓata rai. Da aka kira shi ya ƙi hawa kujerar, ya tsaya a tsaye.

Ya ce, “'Yata, na zo a mayar min da kayana.”

Ta ce, “Turmin, Baba? Ai mun zubar.”

“Tsagata. A nan na shigo da ita.”

Ba ta yi dariya ba, na ba ta wannan. Ta tambaye shi me yake yi da ita. Ya zaro zare daga aljihu ya nuna mata yadda abin yake a da, da yadda ya koma. Ta kalla har ƙarshe. Sannan ta juyo da allon kwamfuta ta nuna masa hoton haƙorin, ta bi layin fashewar da bakin biro.

Ta ce, “Baba, in yadi ya fara yagewa daga baki, aka ci gaba da ja, ina yake tsayawa?”

Ya ce, “Ba ya tsayawa.”

“To in na buɗe wurin nan, haka za a yi. Ya rabe, in cire, in sa maka na roba. Na roba kuwa da kyar yake gutsurar burodi, balle zare. Ba zan buɗe ba.”

Kawu ya tsaya yana kallon hoton kamar an nuna masa ɗan'uwa a kurkuku. Ya juya zai fita. Ta ce tunda ya zo, bari ta duba dasashin. Ta leƙa ta ce har yanzu yana jini, ta tambaya da me yake sakace. Na amsa masa na ce da allura, lamba babba. Ya harare ni. Ta ce ya bar allura, ya sayi sabon buroshi mai laushi, ya riƙa gogewa safe da kuma kafin ya kwanta, ya sauya shi da zarar ya fara bajewa. Sai ta jawo aljihun tebur ta ɗauko wani ɗan farin akwatin roba, bai kai na ashana ba, ta ce wannan zaren sakace ne.

Kawu ya ce, “Kin hana ni sa zare a baki, kin kuma ba ni zare in sa a baki.”

Ta ce, “Wannan tsakanin haƙora yake shiga, ba a cizon sa.”

Ya jawo zaren ya murza a yatsa, ya shinshina, ya ja da ƙarfi. Ya ce ba laifi, an shafa masa kaki, zai riƙe maɓalli. Sannan kai ya fara sunkuyawa zai datse. Ta ce a'a, ta karɓa, ta nuna masa wani ɗan ƙarfe a bakin akwatin, mai ɗan harshe a ɗage. Ta saƙala zaren, ta ja.

Ƙas.

Kawu ya ce ta sake. Ta sake. Ya karɓa ya yi da kansa. Ya ɗaga akwatin saitin fitila yana leƙen ɗan ƙarfen nan, ya daɗe, har mai jiran layi ya fara ƙwanƙwasa ƙofa. Ya yi mata sannu da aiki, muka fito. A mota muna dawowa na ga ya zaro zaren ɗinkinsa na aljihu ya gwada. Ƙas. Ya gwada ninki biyu. Har muka sauka cinyarsa cike da guntayen zare, matar da ke kusa da shi tana ta matsawa.

Kashegari ina tafe na jiyo ƙarar keke tun daga wurin mai shayi. Na tarar ya ɗinka wa akwatin 'yar riga da ragowar yadi, ya bar bakin ƙarfen a waje, ya rataya a wuya da gajeriyar igiya, daidai ƙarƙashin haɓa. Ƙafa ta tsaya, kai ya sunkuya kamar yadda ya saba, hannu ya kai zare, ƙas, kai ya ɗago. Bai ko dube ni ba. Ya ce in kwashe guntayen ƙasa.

Yanzu in baƙo ya ce yana son kayansa gobe, sai ya ga Kawu ya sunkuyar da kai, ya tafi da murna yana zaton an amsa masa. Allura ta koma jikin hula. Fesa ruwa ya koma hannun wata tsohuwar robar turare. Mai shayi kuwa ni ake aika, wannan ce asarar da na yi a cikin lamarin.

Akwai wani abu kuma. Ɗan ƙarfen nan yana dakushewa, sai an sauya akwati. Kawu kuma ba ya yar da abin da bai ƙare ba. Ya fara da ɗinka maɓallai da zaren, har mai guga ya yi ta yawo rigarsa na ƙamshin na'ana'a, amma Malama ta gano ta ce na baki ne, kuma za ta riƙa dubawa. Don haka duk bayan cin abinci za ka gan shi gaban madubin shago, ya durƙusa don fuskarsa ta shiga, yana bin haƙora ɗaya bayan ɗaya da gaggawar mai son zare ya ƙare. A duk layinmu babu mai tsabtar bakinsa. Da muka koma dubawa likita ta ce dasashin ya daina jini, cikon gaba na nan daram, ta yaba masa da ya ɗauki shawara. Ya karɓi yabon hannu bibbiyu. Buroshi ma ya sayi sabo, tsohon ya ƙara wa keke, yanzu keke na da biyu.

Wani lokaci, in ba kowa, nakan ga harshensa ya je wurin yana nema. Sai ya ja tsaki ya taka keke.

Da na gama rubuta wannan na kawo shago, na zauna, na gyara murya na karanta masa tun daga “a gyara zama” har zuwa nan. Na gaya masa in Allah ya so sunansa zai shiga duniya, jikokinsa su san irin mutumin da ya haifi uwarsu, kuma duk albarkacin wanda ya raka shi asibiti ne. Keke bai tsaya ba har na kai aya. Ya sunkuya, ƙas, ya ɗago.

Ya ce, “Ka gama? To ɗaga, kana zaune a kan wandon mutane. Kuma gobe in za ka yi min karatu kusa da hanci, ka goge baki tukuna.”